Takalmin Baba a Ɗakin 'Yan Tsaki

Sanarwa ta musamman ga masu karatu: bayan dogon nazari da tuntuɓar iyali, na yanke hulɗa da jinsin kaji baki ɗaya. Dalili shi ne zakaran maƙwabcina, wanda ya mayar da katangarmu wurin gwada murya, ya kuma tone 'yar shukar da na daɗe ina lallaɓawa, har sai da na kai shi ƙara. Na shaida wa mai ɗakina cewa duk wasiƙar da ta zo da zancen kaza kwandon shara za ta nufa, domin wannan fili na baƙin cikin mutane ne, kuma kaza ba ta isa ta sa babba kuka ba. Ban gama rufe baki ba wannan ta iso.

Malam, don Allah ka taimake ni, kaina ya ƙulle. In na yi ta zuba ka yi haƙuri, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Maigidana kafinta ne, bara waccan Allah ya yi masa rasuwa. Ya bar ni da yara uku da ɗakin aikinsa a bayan gida. Kayan aikin na sayar wa abokan sana'arsa, ban da wani benci da ya ƙera bai samu ya shafa masa fenti ba. Yayana ya ce in tattara yaran mu koma wurinsa, a zuba 'yan haya a gidan. Na ce ya bar ni in gwada kiwon kaji a ɗakin aikin nan tukuna, ina so yaran nan su tashi a gidan ubansu, kada su canja makaranta.

'Yan tsakin zubin farko ni na kashe su da hannuna. Lokacin ruwa ne, ana sanyi, aka ce mini ɗan tsako ba ya son iska. Sai na bi duk wata kafa na toshe da tsumma, na hura gawayi na ajiye musu, na ja ƙofa. Da safe na buɗe, shiru. Suna kwance kamar an zubar da auduga. Ƙaramar 'yata ta tambaye ni ko barci suke yi.

Ban karaya ba. Na je wurin likitan dabbobi na koyi abin da ban sani ba. Na sa aka buɗe taga aka buga raga, na yi musu riga-kafi, na shimfiɗa garin katako, na ajiye kwanon ruwan magani a bakin ƙofa don duk mai shiga ya tsoma takalminsa. Zubi na biyu suka tashi gwanin sha'awa, har na yi magana da mai gashin kaza na bakin titi zai riƙa ɗauka.

To, ga inda matsalar take. Surukina, mahaifin maigidana, tsoho ne, mu duka Baba muke ce masa. Yana da kajinsa na gida da ke yawo a tsakar gidansa. Kullum da safe in ya watsa musu hatsi sai ya sako takalminsa ya taho wurina, ya tsallake kwanon nan, ya shiga ya zauna a kan bencin ɗansa. Shi a zatonsa ruwan shan kaji ne. Wata rana ma ya janye shi gefe wai kada in yi tuntuɓe. Yakan ɗauki ɗan tsako ya sa a tafin hannu yana yi masa hira, ya ce jikokinsa ne na biyu, wai sun fi mijina ci amma sun fi shi jin magana. Ya ce mini in ya shaƙi ƙanshin garin katakon nan sai ya ji kamar ɗansa ya ɗan fita ne zai dawo. Malam, da wane bakin zan ce masa Baba tsoma ƙafarka? Sau da yawa na buɗe baki, sai in ji na ce Baba ina kwana.

Rannan yana zaune yake ba ni labari wai kajinsa suna ta gyangyaɗi suna mutuwa. Ba a jima ba nawa suka fara sakin fukafukai, suka daina ci. Likita ya zo ya tambaye ni wa ke shiga ɗakin, na ce ni kaɗai ce. Ya dubi sawun takalmin da ke kan garin katako, ya dubi ƙafata, ya ci gaba da duba kajin.

Baba ne ya haƙa ramin da muka binne su. Yana haƙa yana hawaye, yana cewa bakin mutane ne ya kama ni. Yanzu kuma ya sayar da kekensa ya je ya kama mini layi wurin mai 'yan tsaki, ƙarshen wata za a kawo. Yaya shi ma ya ce ƙarshen wata zai turo mota, wai ya gaji da ganina ina binne wahalata. In na karɓi kajin ban hana Baba shiga ba, na san ramin da za su ƙare. In na hana shi, na raba shi da abin da ya rage masa na ɗansa, kuma zai gane ana zargin ta ƙafarsa ciwon ya shigo. Ni kuma wallahi na gaji. Ko dai sana'ar ce ba ta karɓe ni ba? Me zan yi?

Taku, Uwar 'Yan Tsaki.

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari.

Na karanta littattafan nan na koyar da kasuwanci fiye da yadda ya kamata mai hankali ya karanta. Dukkansu suna cewa in ka faɗi ka tashi, kuma marubutansu, bisa ga hotunansu na bayan bango, ba su taɓa faɗuwa a kan abin da ya fi kujera tauri ba. Babu ɗaya a cikinsu da ya tanadi babi a kan suruki. Don haka bari mu rubuta namu.

Da farko, maganar sana'a ba ta karɓe ki ba, ki ajiye ta. Wanda sana'a ta ƙi shi ne wanda aka tambaye shi me ya faru ya ce oho. Ke kuwa kin san abin da ya kashe zubin farko, kin gyara, bai sake faruwa ba. Kin san ta inda ciwo ya fi yiwuwa ya shigo wa na biyu. Sau biyun nan duk tausayi ne ya yi miki yawa: kin ji tausayin kaji kin hana su iska, kin ji tausayin tsoho kin hana shi gaskiya. Wannan ba rashin iya sana'a ba ne, hali ne mai kyau da bai san inda zai tsaya ba.

Yayanki ba maƙiyinki ba ne. Mutumin da zai turo mota ya kwashi mutum huɗu ya ƙara a kan nasa, ba a yi masa kallon banza. In da kin rubuto kin ce kiwon ya fita daga ranki, da na ce ki hau motar ba tare da kunya ba. Amma na karanta wasiƙarki sau biyu, ban ga inda kika tambayi yadda ake barin kiwo ba. Kin gaji ne, kuma wadda ta binne miji ta binne jarinta sau biyu tana da ikon ta gaji. Ki je ki sami yayanki da kanki, ki roƙe shi ya ɗaga miki ƙafa zubi ɗaya. Ki faɗa masa abin da ya faru da abin da za ki canja. Ku yi alkawari: in wannan ma ya ƙi, za ki zauna ku sake shawara da zuciya ɗaya.

Sai Baba. Kada ki ce masa shi ya kashe su. Ba don a ɓoye ba, sai don ke ma ba ki da tabbas, ciwon kaji yana da ƙofofi da yawa. Amma kada ki ƙara cewa ke kaɗai ke shiga. Ki koma wurin likitan nan, wanda na lura yana da ido kuma yana da kawaici, ki gaya masa gaskiya. Ki roƙe shi ya zo kafin a kawo kajin, ya duba ko ɗakin ya huta an wanke shi yadda ya kamata, sannan ya zaunar da ku ku biyu ya karanta muku doka. Abin da tsoho ba zai ji daga bakin suruka ba, zai ji daga bakin likita, har ya riƙa maimaita wa mutane kamar shi ya ƙirƙiro.

Ki saya masa takalmin roba da 'yar riga ta sawa a sama, a rataye su a bakin ƙofa, nasa ne shi kaɗai, ga sabulu a gefe. In kajin gidansa ba su da lafiya, a fito da bencin a ajiye jikin taga, ƙanshin katako ba ya tsayawa a raga. Sannan ki ba shi muƙami. Ai ya sayar da kekensa, ya zama mai hannun jari. Ki ce masa ƙofar nan amanarsa ce, ba mai shiga sai ya tsoma ƙafa. Ina tabbatar miki ko ke kika manta sai ya mayar da ke baya.

Wataƙila ya gane. Tsofaffi sun fi mu ganewa, sun dai fi mu iya shiru. In ya gane, zai yi baƙin ciki, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ki auna: ranar da motar Yaya ta tashi da ku, 'yan haya za su zuba kayansu a ɗakin nan, bencin ya koma wani wuri, jikokinsa na farko ma su yi masa nisa. Shirun da kike yi don kada ki raba shi da ɗakin ɗansa, shi ne zai raba shi da ɗakin gaba ɗaya.

Allah ya sa wannan zubin ya tashi, ya sa ki ga ranar da 'yarki za ta tambaye ki me ya sa kajin nan ba sa barin mutum ya yi barci.

Ni kuma na ce kaza ba ta isa ta sa babba kuka ba. Mai ɗakina ta shigo ta same ni ina goge tabarau. Na yi kuskure, kuma na janye ƙarar da na kai zakara.