Kaset na Bakwai

Trikania, Kaduna
3 ga Maris, 1986

Ƙawata Amina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya Zariya, ya karatu? Ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi.

Na sauka gidan Yaya Mary, wadda ta riƙe ni tun rasuwar Mama. Mijinta Shekari ya tambaye ni mene ne finominolojin nan da nake digiri na biyu a kai. Na ce binciken yadda mace ke jin duniya da jikinta ne, daga bakinta, ba daga bakin likita ko fasto ba. Ya yi dariya, wai ashe ciwon baya ma ya zama boko.

Mata shida na ɗauka a kaset a masaƙar Kakuri, inda Yaya ma take aiki, kowacce "lafiya lau, mun gode Allah". Me zan kai wa Dakta George mai duba aikina? Sai jiya, Yaya tana yi mini kitso, na kunna rikoda, na rantse mata ba mai ji sai ni. Amina, ta yi magana! Awa takwas tsaye gaban inji, ƙurar auduga a maƙogwaro, ɓari biyu a wurin aiki. Shekara uku ke nan tana shan ƙwayar hana haihuwa a ɓoye, cikin gwangwanin daddawa take ajiyewa, shi kuwa Shekari yana ta azumin neman ɗa namiji. Ta ce, "In ya taɓa ni, sai in bar masa jikin, ni in yi tafiyata." Wannan maganar kaɗai babi ce guda.

Taki,
Esther

Kakuri
10 ga Afrilu

Amina,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da aka sallamo Hajiya.

Abu ya ɓaci. Ranar Talata da hantsi ina kwafe kaset ɗin a falo, ashe Shekari ya dawo ɗaukar laima, yana tsaye bayan labule. Ya ji komai. Ya juye gwangwanin a tsakar gida gaban maƙwabta, ya kai ƙara wurin dattawan coci. Ran Lahadi aka sa Yaya a horo, bencin baya, ita kaɗai. Ya kore ta, ya riƙe 'ya'yansu mata biyu. Yanzu tana raɓe a ɗakin wata abokiyar aikinta a Unguwar Mu'azu, ni kuma na koma wurin Chinwe mai buga mini takardu.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Lokacin da yake zaginta, ni hannayenta nake kallo, yadda ta rufe mara da su. Kafin ta gama haɗa kaya na rubuta shi. Dakta ya karanta, ya ce bai taɓa ganin babi irinsa ba.

Taki,
Esther

Kakuri
2 ga Yuni

Amina,

Bayan gaisuwa, na samu wasiƙarki. Wa'azinki ya yi tsawo. Ni na saya wa Yaya ƙwayar? Mata dubu nawa ne maganarta za ta amfana?

Ta zo ranar Asabar, ta rame, da kwanon gwaten acca don ta san ina so. Ba ta zarge ni ba. Roƙo ɗaya ta yi, in ba ta muryarta, kada baƙi su ji. Na miƙa mata kaset. Ta zare zaren da hannunta ta cusa a murhu, ta rungume ni tana cewa dama ta san ƙanwarta ba za ta ci amanarta ba. Na ci gwaten, ya yi daɗi.

Kwafi na ba ta. Na asalin yana cikin akwatina da na bari a ɗakinki makon jiya, ƙarƙashin zannuwa.

Zan gabatar da babin ranar sha biyu. Don Allah ki aro mini babbar rikodar sashe, mai lasifika biyu. A kaset ɗin, wajen minti na ashirin Yaya tana kuka, muryar ta yi ƙasa, kuma ina so na bayan aji ma su ji.

Ki gaida Hajiya da kyau.

Taki har kullum,
Esther