Allunan Zaɓen Baba

Baba,

Ina gaishe ka. Ya Mama, ya ƙafar Kaka? Ina lafiya a Jamus, abinci ne kawai ba ya shiga sosai.

Mama ta ce ka faɗi zaɓe. Sau uku gundumarmu tana zaɓenka alƙali, kullum washegari mu biyu muke zagayawa muna tuge allunan sunanka da aka kafa a ƙofar gidajen mutane. Tsoho Hensley har tsokanarka yake: "Alƙali, ka ci ni tara, ka kuma huda mini ciyawar ƙofar gida da allonka!"

Mama ta ce bana kai kaɗai ka fita tuge allunan, har Hensley da ya hango ka ya saki labulen tagarsa.

Don Allah ka bar sauran allunan sai na zo Kirsimeti. Ban iya magana ba, amma zan zauna kusa da kai a mota.

Allah ya sanyaya zuciyarka.

'Yarka,
Darlene