Malamin 'yata ya gasa ta a rana, mijina ya karya masa muƙamuƙi

Salama gare ku 'yan wannan zaure. Admin don Allah a ɓoye sunana, shawararku nake nema, kaina ya kulle.

Ni matar aure ce, muna zaune a unguwar Television, ina sayar da kayan miya, mijina kuma bakanike ne. Babbar 'yarmu zabiya ce, shekararta bakwai, bari in kira ta Godiya duk da ba sunanta ke nan ba. Tun tana jaririya likita ya gargaɗe mu cewa fatarta ba ta da abin da ke kare tamu daga rana, idan tana yawan ƙonewa tun tana ƙarama, gaba zai iya zama ciwon daji na fata. Shi ya sa ko shagon bakin layi zan aike ta sai da malafa da riga mai dogon hannu, ga man kare rana da nake shafa mata kullum da safe. Ranar da na kai ta makaranta, wata ƙaramar firamare ta kuɗi a unguwarmu, na zauna da hedimasta da malamin ajinsu na yi musu wannan bayanin da bakina, suka ce ba damuwa Madam.

Makon jiya na dawo daga kasuwa na tarar da yarinya kwance rub da ciki a kan siminti tana rawar sanyi. Ina ɗaga rigarta na saki ihu. Bayan wuyanta, kunnuwanta, hannuwanta, har fatar kai inda aka tsaga kitso, duk sun yi jawur sun tashi sun ɗuri ruwa, idanunta sun kumbura ba ta iya buɗe su. Ashe surutu aka yi a aji, malamin ya fitar da su duka ya sa su durƙuso a tsakiyar fili hannu a sama, tun daga tara har aka kusa tashi. Ta ce ta gaya masa Mama ta hana ta tsayawa a rana, sai ya fizge malafar ya jefar, ya ce ita ba Baturiya ba ce da za ta fi sauran. A asibiti nas ɗin da ta wanke ciwon sai da ta tambaye ni ko ruwan zafi ne ya zuba mata.

Mijina ko abinci bai ci ba ranar. Washegari da safe na ɗauka gareji ya tafi, ashe makarantar ya nufa da fambel ɗin injin mota a hannu. Ya shiga har cikin aji ya jawo malamin zuwa wannan filin, ya yi ta zabga masa a gaban yara, da mutumin ya yi ƙoƙarin gudu ya kai masa naushi ya faɗi, ya bi shi da ƙafa. Mai gadi da ya zo rabo shi ma ya sha nasa. Yanzu malamin yana kwance, muƙamuƙinsa ya karye, haƙora sun zube, sai da tsinken roba yake shan kunu.

Da yamma 'yan uwan malamin suka zo gidanmu da gorori, suka farfasa mana taga, suka zubar min da tumatur da manja a tsakar gida, ɗayansu ya shaƙe ni ya haɗa ni da bango yana tambayar ina mijina. Maƙwabta ne suka ƙwace ni. Shi kuwa mijina tun ranar yana ɓoye wurin wansa a Gonin Gora, 'yan sanda na nemansa, kuma a waya har yanzu cewa yake bai yi nadama ba, in ya sake ganin mutumin sai ya ƙarasa shi.

Matsalar ita ce cocinmu ɗaya da malamin nan. Baba Fasto ya kira mu, ya ce a yi sulhu, su janye ƙara, ni kuma in goge hotunan ciwon da na ɗauka, kar in kai maganar ko'ina, idan malamin ya warke ya koma aikinsa. Matar malamin da tsohon ciki ta durƙusa a gabana tana kuka, ta ce, "Maman Godiya, wallahi bai san haka abin yake ba." Na ce mata ni da bakina na gaya masa, a gaban hedimasta. Yayata ta ce in yarda kawai, in mijina ya shiga gidan yari wa zai riƙe mu. Ƙanina kuma ya ce in na goge hotunan nan na sayar da 'yata.

Abin da ya sa na rubuto muku shi ne abin da ya faru jiya. Ina shafa mata magani, fatar wuyan tana saɓulewa a hannuna, sai ta riƙe min yatsa ta ce, "Mama, in rana ta sake ƙona ni kar ki gaya wa Baba, zan riƙa ɓoyewa." Ƙawayenta sun ba ta labarin jinin da suka gani a fili, yanzu gani take ita ta jawo. Yarinyar da likita ya ce duk ƙaramin tabo a kawo masa ya duba, ita ce yau take cewa za ta ɓoye min ciwo.

Don Allah iyaye ku faɗa min gaskiya. In yarda da sulhun nan mijina ya dawo gida, mutumin da ya gasa min 'ya ya koma aji kamar ba abin da ya faru? Ko in kai hotunan wurin 'yan sanda, ko da hakan zai sa su duka biyun a rufe su? Kuma me zan ce wa yarinyar nan ta yarda ba laifinta ba ne? Ranar Lahadi bayan sujada Fasto yake jiran amsata.