Ƴar da Hapsatu Ba Ta Ƙirga Ba

New Bell, Duwala
9 ga Satumba, 2014

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ƙafar nan ta yi sauƙi. Ya zafin Garwa? Mu nan ruwa ya hana mu sakat, kwatar ƙofar ofis ta cika har tana shigo mana.

Inna, na tafka kuskure, kuma ke kaɗai zan iya faɗa wa. Cikin ƴan gudun hijirar Bangi ta Afirka ta Tsakiya da nake yi wa rajista akwai wata Bafulatana, Hapsatu. Ranar da ta zo na tambaye ta yawan ƴaƴanta, ta ce uku. Na ga ukun riƙe da zaninta, na rubuta duk suna tare da ita, na rufe dosiyenta, wato takardun rajistarta. Wata bakwai ke nan kullum tana zaune a bencinmu tana tambaya ko akwai labari. Ni kuwa da gajen haƙurin nan nawa da kika sani, har na taɓa ce mata shinkafar agaji ba ta iso ba, ta daina wahalar da kanta.

Jiya ƙaramin ɗanta ya yi kuka yana kiran Adda, wato yayarsa. Ashe akwai ta fari! Sun rabu a turmutsutsun hawa mota ranar da suka baro Bangi. Ba ta ƙirga ta ba saboda alkunya, ta ɗauka kuma duk ɗiyar Musulmi za ta gane ta sake tambaya. Turawan ofis in sun yi haka ba laifi. Amma ni, Inna? Ni da nake ƴar fari, ban taɓa jin sunana a bakinki ba? Wata bakwai ba wanda ya nemi yarinyar nan, saboda alƙalamina.

Ba a buɗe neman mutum sai da suna, ƙannen kuwa Adda kawai suka sani. Na roƙi Hapsatu, ta buɗe baki ta kasa. Sai na zauna kusa da ita na yi ta jero sunayen mata: Delu, Fadimatu, Rabi, har wajen talatin. Da na ce Rahmatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Na aika sunan duk sansanonin gabas. Ki sa mu a addu'a, don ana ta kwashe mutane zuwa Cadi, in an wuce da ita shi ke nan.

A gaida kowa.

Ɗiyarki,
Jannatu

New Bell, Duwala
2 ga Nuwamba, 2014

Zuwa ga Inna,

Ina gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Kewar gida ta ishe ni, ko kunun gyaɗar nan ba ya yi mini daɗi.

An sami Rahmatu! Tana wani sansani kusa da Garwa-Bulai, har ta haihu a can. Saura mako guda a wuce da su Cadi. Ina cikin cunkoson Ndokoti aka bugo mini, na sauka daga taksi na haye babur.

Da na iso ofis aka haɗa mu da Rahmatu a waya, na miƙa wa Hapsatu ina jiran kuka da salati. Ina! Ta tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce ta riƙa rufe wa jaririn kai, ta miƙa wa ƙannen wayar. Wallahi haushi ya kama ni, na bi ta bayan ofis in yi mata tsiya. Na tarar da ita durƙushe jikin tankin ruwa, ta cusa mayafi a baki don kada a ji ta.

Inna, shekara huɗu ina fushi da ke a ɓoye. Duk bugowata sai ki ce in ci abinci, ki miƙa wa Baba. Na ɗauka har yanzu ba ki yafe mini zuwa Duwala ba. Ban taɓa tambayar kaina inda kike zuwa in kin ajiye wayar ba.

Na nemi hutu, jirgin ranar Alhamis zan biyo. Ba sai kin ce komai ba. Ki bar ni kawai in zauna kusa da ke.

Taki mai kewarki,
Jannatu