Ba zan saki garkar albasata ba

Zuwa ga ƙanena Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Abidjan? Yaya Mariyama da yara? Mu nan Galma lafiya lau.

Rawar hannun nan tawa ta kai ni wajen lokotoro a asibitin Madawa. Na miƙa mishi hannu, shi kuwa ya ce in rufe ido. Ya kawo kanumfari kusa da hancina, ya kawo tafarnuwa, har da albasa. Salisu, ni da na tsufa cikin albasa, ban ji komai ba. Ashe shi ya sa bara albasa ta ruɓe mini a rumbu, ina shiga ina fita ban ji wari ba. Ya ce mutuwar hanci da rawar hannu in sun haɗu, ana zargin ciwon Parkinson, ya tura ni asibitin Tawa a ƙara bincike.

Tun ranar Kawu Idi yake cewa in bar wa ɗansa garkata in huta. Na ce, "Kawu, da hanci ake dashe?" Hajara matata za ta riƙa sunsuna mini rumbu, ni in yi ban ruwa.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanenmu. In Kawu ya kira ka, ka faɗa mishi irina har ya tsiro.

Yayanka,
Hamidu