Safar da Na Tuɓe

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ba Inna sauƙi, ya tsayar da ciwon idon nan inda yake. Na ji Auta ce ke kai ta asibiti yanzu, Allah ya yi mata albarka.

Yaya, zuwan da na yi alkawari a wata mai kamawa ya fasu, gara ki ji daga gare ni. Kin san wata takwas ke nan ina tace wani sinadari mai suna furotin daga dafin maciji, wanda ake sa ran haɗa magani da shi. Duk wahalar ta taru a 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Kafin Farfesa, shugabarmu, ta sa hannu a takardar hutuna, sai an tabbatar babu gauraye a ciki. Muna da na'urar da ke yanka furotin gunduwa-gunduwa, ta karanta jerin amino asid ɗin da suka gina shi ɗaya bayan ɗaya, kamar jan carbi. In tsantsa ne, jeri ɗaya ake gani. Nawa biyu ya fito.

Kin san halina, na ɗora wa na'ura laifi, har na yi wa mai kula da ita tsiwa. Bawan Allah ya koma kan na'urar. Ya sake gwadawa sau uku, sannan ya ce baƙon jerin na fatar ɗan Adam ne, ya tambaye ni ko na taɓa kwalbar ba safar hannu. Nan take na tuna. Ranar da Inna ta kira ni da kanta, karon farko tun kwanciyarta, ina tsakiyar aiki, wayar ta ƙi jin yatsa mai safa. Na tuɓe, muka sha hira, na koma na rufe kwalbar haka, ina ta murmushi.

Farfesa ta ce a koma farko, kuma ba hutu sai an gama. Wata takwas ne, ke kuwa kin ce likita bai ba idon Inna fiye da huɗu ba. Na yi kuka har na gaji, abinci ma ba ya shiga.

Ki gaida Kawu da Goggo da Auta. Inna kuwa, ki ce mata aiki ne ya riƙe ni, don Allah kada ki ambaci wayar. Na sa hotona a ambulan ɗin nan. Ki nuna mata da hantsi a bakin taga, kada ki bari sai gobe.

Ƙanwarki mai taurin kai.