Ranar da na kori makaɗinka

Zuwa ga mahaifina, Baba Turmi na Roni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Baba, jiya na ji a rediyo labarin wani ƙato ɗan tsibirin Samowa da ya yi suna a ƙwallon Amurkawa, wadda ake karo da kai. Karon ya taɓa masa ƙwaƙwalwa da ya tsufa, amma 'yarsa kan riƙo hannunsa ta kai shi fili, jama'a su tafa masa. Na kashe rediyon, tuwo ya ƙi ciwuwa.

Kai ma haka dambe ya yi maka. Shekarun da aka samu 'yancin kai, da an gama kaka, babu garin da ba ka ɗaura zare a hannu ba: Gwiwa, Babura, Kanya Babba, har tsallaken iyaka. Da wannan hannun ka kai ni makaranta. Kakan ce, "Ni na ba da kaina, kai ka tsare naka."

Sai mantuwa ta zo. Kana kirana da sunan ƙanenka da ya rasu, kana ɓata a ƙofar gidanka. Takenka kaɗai ya rage maka. Duk ranar kasuwa Sale makaɗi zai taho daga Gwiwa a keke. Da ya matse kalangu sai ka miƙe ƙyam, ka yi kirari, ka gane kowa na ɗan lokaci, har ni.

A lokacin kuɗin fetur sun shigo, na zama akawu a Kazaure, ga sabon babur, ga girman kai. A ofis na ce ubana falke ne. Wallahi bakina ya kasa cewa mahauci, balle ɗan dambe.

Ranar sunan ɗana na fari mutanen ofis suka cika zaure. Na hango Sale, na tare shi a waje, na ce yanzu nan gidan ma'aikaci ne, kada ya ƙara zuwa. Ya juya kekensa.

Na shiga ciki na tarar ka naɗe hannunka da tsohon rawani, kana zaune kana jira. Har la'asar kana kallon ƙofa. Daga ranar ba ka sake kiran sunana ba, da damina kuma ka tafi.

Na je neman Sale, ashe ya riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yansa ba su san taken ba. Yanzu na girme ka, Baba, nakan zauna ina buga gwiwata ko taken zai dawo mini, ya ƙi. Ina jin kunyarka. Ban nemi gafararka ba sa'ad da za ka iya gane ni.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya jiƙan Sale, Ya sa ka yafe mini.

Ɗanka Habu, ɗan mahauci, ɗan ɗan dambe.